Muryar Bayan Labule

A kan teburin yanka suka ƙulla maganar, tsakanin almakashi da guntayen yadi, bayan tela ya sallami ma'aikatansa su je cin abincin rana ya saya ƙofa. Mai kemis, wanda duk layin ke kira Dakta ko da yake iyakar abin da ya haɗa shi da asibiti shara da wankin kwalabe ne, ya zauna a kujerar keken ɗinki yana juya makullin babur a yatsa. Ya daɗe yana kwaɗayin shagon kwana, wato na kusurwar gidan tela, wanda yake kallon babban titi, tela yana hana shi. Ranar kuwa tela ne da kansa ya aika aka kira shi, ya ce shagon ya zama nasa, ya kwaso magungunansa ya zuba, ba haya ba komai. Abu biyu kawai yake nema a wurinsa, allura da kama baki.

Dakta ya tambayi wa za a yi wa allurar. Tela ya daɗe yana share tebur da tafin hannu, alhali babu komai a kai, kafin ya ce Auta.

Auta ita ce ƙaramar 'yarsa, tana cikin shekara ta sha bakwai. Ya bayyana wa Dakta abin a gutsure, idonsa a ƙasa. Tun bara muryarta ta fara kauri. Gashi yana tsirowa a haɓa. Ƙirji bai fito ba, al'ada ba ta zo ba, kafaɗu kuwa sai faɗi suke yi. Uwar ta ce tun ranar haihuwa ungozoma ta daɗe tana duba jaririyar kafin ta ce mace ce, su kuma suka karɓa a haka, ba su sake tayar da zancen ba.

"Wannan ai ƙaramin abu ne, maigida," in ji Dakta. "Sinadarin mata ne ya yi mata ƙaranci. Kamar mota ce da mai ya ja baya, ƙarawa ake yi."

Tela ya ce ko a gwada babban asibiti tukuna. Dakta ya yi dariya, ya ce a can sai an tara mata ɗalibai su kewaye gado suna leƙe, kati ya bi hannu goma, kafin la'asar wata nas mai dangi a layin nan ta kawo labari gida. Abin da tela yake son ji ke nan. Suka yi musafaha, Dakta ya fita yana auna faɗin ƙofar shagon kwana da ido.

Sai ka san yadda shagon tela yake aiki sannan za ka gane tsoronsa. Ɗinkin mata yake yi, kuma babu kamarsa a wannan yankin. Amma namiji ba ya ɗora tef a jikin matar wani. Saboda haka a ƙuryar shagon akwai labule mai kauri, bayansa ɗan ɗaki da benci da dogon madubi da fanka, nan mata suke shiga su ajiye mayafi a auna su. A da yayar Auta ce take awon. Da ta yi aure aikin ya dawo hannun Auta, kuma ta fi yayarta iyawa. Tana kallon mace ta san inda riga za ta matse ta. Ta auna matan aure, ta auna amare, ta auna 'yan makarantar mata aji aji. Idan aka wayi gari aka ce wadda take zagaya tef a ƙirjin matan layin nan mata-maza ce, ba shagon kaɗai za a rufe ba. Akwai mazan da ba za su tsaya jin bayani ba.

To cire ta daga bayan labule ma tambaya zai jawo. Shi ya sa tela ya yanke cewa za ta ci gaba da awo, kuma za ta ci gaba da zama mace ko ta halin ƙaƙa.

Aka tsara mata rayuwa. Da sassafe uwarta za ta zaunar da ita a bakin taga, ta kama haɓarta ta bi da hantsaki gashi ɗaya ɗaya, har wurin ya yi ja ya yi ƙuraje. Sai takunkumi a fuska, sai dogon hijabi mai ɓoye kafaɗa. Aka shaida wa mata cewa ciwon maƙogwaro take yi, likita ya hana ta magana. Da hannu take nuna wa mace ta ɗaga hannu ko ta juya, ta rubuta awo da alli a jikin yadin, ta miƙo ta gefen labule. Duk mako Dakta yana shigowa ta ƙofar cikin gida da allura a aljihun riga, ban da ƙwayoyin tsarin iyali da ya ce ta riƙa sha uku uku, wai don a gaggauta aiki.

Matan ba su ji komai ba. Wasu ma sun fi son ta a haka, suna ta zuba mata sirrin gidajensu tunda ba ta da bakin kai wa wani. Wata mai jiki, matar mai gidan burodi, kullum sai ta tsokane ta, ta ce duk wanda ya auri Auta ya huta, mace ga hannu ga shiru, ita da nata mijin zai samu irin wannan da ya yi sadaka. Mata su fashe da dariya. Auta ta ci gaba da jan tef.

Da farko amai ne da ciwon kai. Dakta ya ce alamar magani yana kama jiki ke nan. Sai ƙirjinta ya kumbura yana zafi, ko hijabi ya goga sai ta cije leɓe. Uwar ta ga haka ta yi hamdala, ta je ta gaya wa mijinta an fara ganin haske. Murya dai ba ta koma ba. Gashin haɓa ma bai daina ba. Dakta ya ce jikin nata mai taurin kai ne, ya ƙara yawan allurar.

Ni na yi tuƙin babbar mota shekaru masu yawa, na tsallaka iyakoki, na kwana a tashoshin da ban san yaren mutanensu ba. Na ga irin su Auta. Wani wuri suna da rumfunansu a kasuwa da sunan da aka san su da shi, wani wuri ana gayyatarsu su sa wa jariri albarka, wani wuri yara ke bin su da jifa. Inda ban taɓa zuwa ba shi ne inda babu su. Malamanmu na da ma ba su kauda kai ba, sun yi magana a kan inda irin wannan mutum zai tsaya a sallah da yadda za a ba shi gado. Tela ya san da haka sarai, yana zama a majalisin karatu. Amma a wurinsa wannan zance ne na littafi da na 'ya'yan wasu.

Wata rana da hantsi yayar ta zo gida ta tarar da Auta a ɗaki ta miƙe ƙafar hagu a kan matashi. Sharaɓar ta kumbura ta yi sheƙi, in ka taɓa kamar ka taɓa dutsen guga. Yayar ta rufe ƙofa, ta cire mata takunkumin da hannunta, ta ce ta yi magana, babu kowa. Daga bakin yayar ne wannan hirar ta fito daga baya. Ta ce ta tambaye ta kai tsaye, tsakaninta da Allah, a ranta me take jin ita ce, mace ko namiji.

"Yaya, kowa wannan yake so ya sani," in ji Auta. "Ni in na farka da safe, kafin Umma ta zo da hantsaki, ba na jin ko ɗaya. Yunwa nake ji, in tuna ɗinkin da ban gama ba. Lafiyata lau kafin a fara gyara ni."

Yayar ta ce to me take so a yi. Auta ta ce a daina allurar, a kai ta wurin likita na gaske ya duba ƙafar. In an ga dama a cire ta daga awo a ba ta keke a cikin gida, ko gyaran kekunan ma ta iya, ita take kwance su in sun cije. Sauran kuma a bar ta ta yi tunani a hankali, ba ta ce ta san amsa ba.

Yayar ta kai maganar gaban uwarsu. Uwar tana tsince shinkafa, ba ta ɗago ba. Ta ce ita ma ba ta barci, amma me za ta yi, Baban yara ya riga ya yanke. Kuma yayar ta tuna da nata auren, dangin mijinta in suka ji irin abin da ke cikin jinin gidan nan, wane kallo za su yi wa cikin da take ɗauke da shi? Yayar ta bar maganar, don an taɓa ta inda ba ta da ƙarfi.

Auta da kanta ta tari ubanta bayan ya dawo daga sallar azahar. Ta durƙusa da ƙyar, ƙafar a miƙe gefe guda.

"Baba, don Allah ku sa a dakata da allurar nan. Ƙafata ba ta ɗaukata. In na hau matakala numfashina yankewa yake yi."

Ya waiga ya dubi ƙofar shago kafin ya dube ta, ya ce ta rage murya. Sannan ya zauna ya yi mata magana mai taushi, irin wadda ta fi faɗa ciwo. Ya ce duk don ita yake yi. Shi ya tsufa, gobe ba ya nan, wa zai riƙe ta in ba ta da matsayi a cikin mutane? Duniya layi biyu ta sani, na maza da na mata, wanda ya tsaya a tsakiya ture shi ake yi. Ya ba da shago sukutum saboda ita, wane uba ne zai yi haka? Ta ƙara haƙuri, an kusa. Ga kuma aikin bikin gidan mai gidan burodi ya taso, mata za su cika shago, in aka wuce wannan zai duba maganar.

Da aka nuna wa Dakta ƙafar ya latsa da babban yatsa, ya ce tsayuwa ce ta yi yawa, ya kawo man zafi ya ce a riƙa murzawa da ƙarfi safe da yamma. Uwar ta riƙa murzawa, Auta tana cusa gefen hijabi a baki.

Ranar awon bikin ɗakin bayan labule ya cika maƙil. Mata a kan benci, mata a tsaye, mayafai a rataye a ƙusa, fanka tana juya zafi. Auta ta auna ta farko, ta auna ta biyu, tana dafa bango. Ta durƙusa za ta auna tsawon siket ɗin ƙanwar amarya, da ta yunƙura za ta tashi sai ta dafe ƙirji ta tafi da baya ta bugi madubi. Ta fizge takunkumin tana neman iska. Abin da ta ɓoye wata da watanni ya fito da dukkan kaurinsa.

"Umma, ƙirjina. Ku kira Umma."

Ɗakin ya watse. Mata suka yi rububin mayafai, wata ta fita da tef a wuya, wata ba takalmi, ana cewa namiji a ɗakin awo. Kafin ka ce me, bakin shagon ya tara jama'a, masu shaguna sun fito, wani ya riga ya kira mijin wata a waya. Tela yana tsaye da almakashi a hannu. Ta gefen labule yana hango 'yarsa a ƙasa tana haki, ta ƙofa yana hango layin gaba ɗaya. Na sha ganin mutum a irin wannan tsayuwar, kuma ba kasafai yake juyawa inda ya kamata ba.

Ya fito bakin ƙofa ya ɗaga hannu, hawaye na zuba, kuma hawayen na gaske ne. Ya ce jama'a su taya shi da addu'a. Abin da suke ɓoyewa ke nan. Aljani ne ya shafi yarinyar tun bara, namijin aljani, shi yake magana da bakinta, shi ya sa suka hana ta magana.

Nan take iskar wurin ta juya. Matar mai gidan burodi, wadda ta fi kowa ihu, ita ta fara salati tana cewa dama ta lura idon yarinyar ya canza. Masu zagi suka koma masu jaje. Wani ya ce akwai malami mai ruƙiya a bayan tasha, ya hau babur ya tafi ɗauko shi. Dakta yana bakin sabon shagonsa yana kallo. Shi ya san abin da ya zuba a jikin nan, kuma ko shara ka yi a asibiti ka san mai irin wannan hakin ba ya jira. Ya koma ciki ya hau gyara kwalaye a kan kantar magani.

Wanda ya ce aljani ne a gaban jama'a ba ya komawa ya tsayar da tasi ya ce asibiti. Aka ɗauki Auta aka shimfiɗa ta a tsakar gida, mata suka kewaye, malamin ya iso da kaskon hayaki da gorar ruwan tofi. Ba mugun mutum ba ne, abin da aka gaya masa ya zo yi. Ya sa aka danne hannuwanta da ƙafafunta, ya kara kaskon kusa da hancin wadda iska take nema, ya fara karatu da ƙarfi. Ya tsaya ya tambayi aljanin sunansa.

"Ni ce," in ji Auta, kalma ɗaya numfashi ɗaya. "Malam, ni ce. Babu kowa. Allura ce. Ku kai ni asibiti."

Malamin ya juya ya dubi jama'a, ya ce sun ji ko, haka suke yi, in wuta ta kai musu sai su ce a kai su asibiti don su samu hanyar tsira. Mata suka gyaɗa kai. Auta ta juya ido ta nemo ubanta a cikin mutane.

"Baba, kun san muryata ce. Ku gaya musu."

Tela ya sunkuyar da kai yana jan carbi. Malamin ya ce kada ya amsa, maƙaryaci ne, so yake ya karya masa zuciya da muryar tausayi. Uwar tana bakin ƙofar kicin ta toshe baki da mayafi. Kalma ɗaya daga ɗayansu ta isa. Aka ƙara garwashi.

Sai da rana ta karkata yayar ta iso, wata maƙwabciya ce ta kira ta. Ta ratsa mutane, ta ga leɓen ƙanwarta ya yi toka toka, ta shure kaskon da ƙafa. Ba ta yi gardama da kowa ba. Ta fita titi da cikinta ta tsaya a gaban wata tasi har ta tsaya, ita da direban suka ɗauko Auta. Wasu suna cewa ta katse aiki ana gab da nasara.

A asibiti aka sa mata iskar oksijin aka shiga da ita ciki da gudu. Likitar, wata mace mai furfura a goshi, ta fito bayan wani lokaci ta tambayi abin da yarinyar take sha. Yayar ta zazzage ledar da ta kwaso daga ƙarƙashin katifa, fankon ƙwayoyi da kwalaben allura. Likitar ta dube su ta dubi tela, wanda ya biyo su daga baya. Ta ce jini ne ya daskare a ƙafar, murzar da aka yi ta yi wataƙila ta taimaka gudan ya ɓalle, ya tafi ya toshe huhu. Tela ya fara cewa ai dama yarinyar an haife ta da wata lalura. Likitar ta katse shi. Ta ce ta gani, kuma ba ita ce ta farko da ta gani ba. Ana haihuwar mutane a haka a ko'ina, wasu in sun girma su zauna a maza, wasu a mata, wasu su ɗauki lokaci ba su yanke ba, kuma da yawansu suna tsufa lafiya. Abin da ake yi shi ne a bincika, a zauna da mai jikin a ji ta bakinsa. Halittarta ba ita ta kawo ta gadon nan ba, abin da ke cikin ledar nan ne.

Auta ba ta kai magariba ba. Yayar tana riƙe da hannunta. Ta ce Auta ba ta ƙara cewa komai ba, numfashin bai bar mata wuri ba.

Uwar da yayar su kaɗai suka yi mata wanka, suka hana kowace mace shiga, aka ce saboda abin da ya shafe ta ne. Layin ya cika da masu ta'aziyya. Likitar ta so a kai maganar gaba, tela ya roƙe ta da girman Allah ta bar mamaciya ta huta, kuma babu wanda ya yarda ya faɗi sunan mai allurar. Yayar ta buɗe baki sau ɗaya a gidan makoki, uwar ta ja ta ɗaki ta sake tuna mata da dangin miji.

Yanzu in ka bi ta layin za ka ga kemis ɗin Dakta ya haɗe da shagon da ke gefensa, ya sa gilashi da fitila mai launi, har awon jini yake yi. Malamin ya yi suna, ana zuwa ɗaukarsa daga nesa, ana cewa shi ne ya sa aljani ya yi magana a gaban mutane, da ba a katse shi ba da ya ƙarasa. Tela bai rasa ko mai ɗinki ɗaya ba, tausayi ma ya ƙaro masa wasu, ya ɗauki wata yarinya tana yi masa awo. Matan layin sun tsira da kwanciyar hankalinsu, mazansu ba su taɓa sanin akwai abin tambaya ba. Waɗannan su suka ci riba.

Uwar ta rasa 'ya, ta kuma rasa ta biyu, don yayar tun da ta haihu ba ta sake taka gidan ba. Auta ta rasa ranta tana faɗin gaskiya da bakinta a gaban iyayenta da maƙwabta, kuma ko dalilin mutuwarta ba a bar mata ba. Har gobe in ka tambaya a layinmu me ya kashe 'yar tela, aljani za a ce maka.